Janar Seyni Kunce da Kujerar Faraminista

 A wannan fitowa ta takardarmu zan kawo tarihin mutumin da ya fi kowa suna cikin waɗanda ƙasar Tondikandiya ta haifa, watau marigayi Janar Seyni Kunce. Ni an haife ni bayan rasuwarsa. Dattawan da sunka gan shi da idonsu sun fi ni saninsa, saboda yara masu tasowa na ɗauki alƙalami. Kwanan baya na tambayi ƴan ajina wane ne ya kafa kujerar faraminista a Nijar bayan samun mulkin kai. Babu ko ɗaya da ya san mutumin Fandu ne. Don haka zan bi rayuwarsa tare da labarin wannan kujera.

Daga Fandu zuwa bariki

An haife shi ranar 1 ga watan Yuli 1931 a Fandu, nan kusa da Damana, cikin gidan sarautar Tondikandiya. Ya fara lakwal a Filinge. Yana yaro anka kai shi makarantar ƴaƴan soja ta Kati, cikin ƙasar da ake kira Mali yau, daga can sai Sanluwi ta Sanigal. A 1949 ya shiga sojan Faransa. Ya je yaƙin Indoshin, ya je na Aljeriya, kamar tsofaffin sojojin nan da anka sani a ƙauyukanmu da lambobinsu a ƙirji. A 1957 anka tura shi makarantar hafsoshi ta Firejus a Faransa. A 1961 ya shiga sabuwar rundunar sojan Nijar, ya yi ta hawa har ya zama shugaban rundunar a 1973.

Kujerar da anka ɗauke a 1960

Lokacin da yake karatu a Firejus, a nan gida an fara gwada mulkin ƴan ƙasa. Dokar da Faransa ta yi a 1956 ta ba kowace ƙasar da take mallaka majalisar gwamnati. Bayan zaɓen 1957 Jibo Bakari, shugaban Sawaba, ya zama mataimakin shugaban wannan majalisa, gwamna Bafaranshe yana bisa kansa. A watan Yuli 1958 ya zama shugabanta. Ya kira mutane su ce a'a a ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, masu cewa i sunka rinjaye, ya sauka. A watan Disamba Jori Hamani ya hau kujerar.

Bayan mulkin kai na 3 ga Agusta 1960 anka rubuta tsarin mulki wanda ya haɗa kome a hannun shugaban ƙasa. Shi ne shugaban ƙasa, shi ne shugaban gwamnati. Dattawa sun san cewa a sarautar gargajiya ba haka abin yake ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana da Waziri Gidado, mai ɗaukar saƙo, mai duba takardu, mai faɗa wa sarki abin da wasu ke tsoron faɗa. Gwamnatin Jori ta yi shekara 14 ba ta da irin wannan muƙami.

Juyin mulki da mataimakin da bai daɗe ba

Fari ya kama ƙasa tun 1968, ya tsananta a 1973. Dabbobi sunka ƙare, mutane sunka watse, anka yi ta kukan cewa hatsin taimako ba ya isa ga talaka. Daren 15 ga Afrilu 1974 sojoji sunka kifar da gwamnati. Matar shugaban, Hajiya Aisa Jori, ta rasa ranta a wannan dare, shi kuma anka tsare shi. Kunce ya zama shugaban majalisar ƙoli ta soja, wadda ake kira CMS. Anka rushe majalisar dokoki, anka hana jam'iyyu, sojojin Faransa sunka bar ƙasar a wannan shekara.

Aikinsa na farko shi ne rabon hatsi da motocin soja. Kuɗin uraniyom na Arlit da Akuta sunka shigo, anka yi hanyar Tawa zuwa Arlit, anka yi manyan gine-gine a Yamai, anka farfaɗo da samariya a kowane gari. An san shi da shiga ofis ba sanarwa, ma'aikacin da bai zo kan lokaci ba ya ga ta kansa. Har yau tsofaffin ma'aikata suna ba da wannan labari.

Amma tarihi ba kirari ba ne, dole a faɗi ɗayan gefen. Da farko yana da mataimaki, Kumandan Sani Suna Siddo. A watan Agusta 1975 anka kama shi bisa zargin shirya juyin mulki, ya mutu a tsare. Jibo Bakari, wanda ya dawo daga gudun hijira a 1974, shi ma anka rufe shi a 1975. A watan Maris 1976 Kumandan Musa Bayere da wasu sunka gwada kifar da gwamnati, abin bai yi ba, anka harbe shugabanninsu. Tun daga lokacin Kunce bai sake yarda wani hafsa ya tsaya kusa da shi da sunan na biyu ba. A hankali ya rinƙa fitar da sojoji daga gwamnati yana sa farar hula masu ilimi. Mutane da yawa sun sha ɗauri ba shari'a a zamanin nan, iyalansu kuwa ba su manta ba.

Ranar 24 ga Janairu 1983

Daga 1980 farashin uraniyom ya fara faɗuwa, bashi ya yi wa ƙasa yawa. Aikin gwamnati ya koma na lissafi da tattaunawa da masu ba da rance na waje. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar 24 ga Janairu 1983 Kunce ya kafa kujerar faraminista, ya ba Mamman Umaru, farar hula, mutumin gabashin ƙasa. Cikin wannan wata ne Najeriya ta kori baƙi marasa takardu, ƴan cin rani da yawa sunka dawo gida hannu sake. Waɗanda abin ya shafa daga cikinku sun fi ni sanin zafinsa.

Ya kamata a gane irin kujerar da anka kafa. Faraminista yana haɗa aikin ministoci, yana bin takardu, yana kai rahoto. Soja da tsaro da magana ta ƙarshe suna hannun Kunce. Shi ke naɗawa, shi ke saukewa, babu majalisar da za ta tambaye shi dalili.

A watan Oktoba na wannan shekara, yana taro a Bitel ta Faransa, sai na kusa da shi ƙwarai, Amadu Umaru wanda aka fi sani da Bonkano, ya gwada ƙwace mulki. Rundunar soja ba ta bi shi ba, ya tsere ƙasar waje. Ranar 14 ga Nuwamba Kunce ya mayar da Mamman Umaru shugabancin majalisar raya ƙasa, ya naɗa Hamid Algabid, Ba'abzine daga yankin Tanut. Da ya zaɓi mutum daga gabas, sannan wani daga arewa, ya nuna yana son a ga gwamnati ba ta Zabarmawa kaɗai ba ce. Algabid ne ya riƙe kujerar lokacin farin 1984, wanda a ƙasar Hausa ake kira El Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya.

Daga ƙarshen 1986 ciwo ya kama Kunce a ƙwaƙwalwa, ya yi ta zuwa Faransa magani. A watan Yuni 1987 anka yi ƙuri'ar amincewa da yarjejeniyar ƙasa wadda za ta share hanyar sabon tsarin mulki, amma bai ga ƙarshen aikin ba. Ya rasu a asibiti a Paris ranar 10 ga Nuwamba 1987, yana da shekara 56, bayan mulkin shekara 13. Anka kawo shi gida, anka binne shi a Fandu. A ranar nan anka ga iyakar kujerar da ya kafa. Ba faraminista ya gaje shi ba. Hafsoshi sunka zauna sunka ba shugaban rundunar soja, Kanal Ali Shaibu.

Bayan rasuwarsa

Kujerar ta fi mai kafa ta daɗewa. Ali Shaibu ya mayar da Mamman Umaru a 1988, ya soke muƙamin a ƙarshen 1989, ya sake dawo da shi a watan Maris 1990 da Aliyu Mahamidu, bayan an harbi ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu. Babban taron ƙasa na 1991 ya juya al'amarin. Ya zaɓi Amadu Shefu faraminista, ya ba shi iko, shugaban ƙasa ya rage da suna kawai. A 1993 Mahamadu Isufu ya hau kujerar ƙarƙashin shugaba Mahaman Usman. A 1995 ƴan adawa sunka ci majalisa, dole shugaban ya zauna da Hama Amadu a matsayin faraminista. Sunka yi ta jayayya kan naɗin manyan ma'aikata da kiran taron ministoci, aiki ya tsaya, har Kanal Ibrahim Ba'are Mainasara ya yi juyin mulki ranar 27 ga Janairu 1996. Daga 1997 zuwa farkon 2000 kujerar ta zo gidanmu, hannun Ibrahim Hasan Mayaƙi, ɗan Adamu Mayaƙi na Filinge. Birji Rafini kuwa ya riƙe ta shekara 10, daga 2011 zuwa 2021.

To, ƴan'uwa, ga abin da na gani cikin wannan tarihi. A zamanin Kunce an ba faraminista aiki ba a ba shi iko ba, ranar da shugaba ya faɗi sai bindiga ta raba gardama. A 1995 an ba mutum biyu iko ba a shata wa kowa iyakar gonarsa ba, nan ma bindiga ta raba. Mu ma a ƙungiyarmu muna da shugaba da mataimaki da ma'aji. Ina roƙon a taro mai zuwa a rubuta a fili aikin kowa, da wanda zai riƙe littafi da kuɗin asusu in shugaba ya tafi cin rani ko ya kwanta ciwo, tun muna shiri da juna.

Allah ya jiƙan Seyni Kunce, ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan duk waɗanda sunka riga mu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo da matafiya gida lafiya. Amin.