Taƙaitaccen Tarihin Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Masama tana cikin ƙasar Gwandu, saboda haka ya dace a ranar aza harsashin wannan masallaci mu tuna da ɗaya daga cikin magabatanmu, watau Malam Ibrahim Halilu ɗan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansu. Ya gaji ɗan'uwansa Muhammadu Wani cikin shekarar 1833, ya riƙe sarauta shekara 25.

Halilu malami ne mai tsananin gudun duniya. Ya fi son ɗakin karatu da zaman fada, har ya zamana ganin fuskarsa yana wuya. Amma zamaninsa bai zo da sauƙi ba, gama shi ya shiga tsakanin 'ya'yan Malam Dendo, Usman Zaki da Masaba, a rikicin Nufe, sa'an nan cikin 1849 Kabawa suka tashi a ƙarƙashin Yakubu Nabame, yaƙi ya matso kusa da Gwandu.

Ana cikin wannan hali Baturen Jamus, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Gwandu cikin watan Mayu na 1853, yana neman izinin wucewa Tumbuktu da sunan gwamnatin Ingila. Kafin isowarsa ya riga ya ba Sarkin Musulmi Aliyu Babba kyautar ƙananan bindigogi biyu masu adon azurfa. Da gaisuwarsa ta shiga gidan Halilu babu irinsu a ciki, sai aka komo masa da kayansa, aka ce ba zai wuce ba sai ya kawo. Dole ya fito da wasu biyu da ya ɓoye don tafiyar gaba. Barth ya ɗora laifin a kan wani Balarabe mai kai saƙo tsakaninsu, ya ɗauki abin kwaɗayi ne. A ganinmu kuwa batun daraja ne: Gwandu ke riƙe da yammacin daula, kuma a al'adar sarauta rage wa sarki gaisuwa rage masa girma ne a idon talakawansa.

Baƙon ya sami takardar izininsa, har ya tashi bai ga Sarki ido da ido ba. A wannan zaman ne wani malamin garin ya ara masa littafin Tarihin Sudan, ya kwafi sassansa, ta haka labarin daular Songhai ya kai ga masanan Turai.

Halilu ya rasu cikin 1858, ɗan'uwansa Haliru ya gaje shi. Allah ya haskaka kabarinsa, amin.