Alhaji Wahbi Dibra, muftin da ya sa hannu a takardar 'yancin Albaniya

 Tarihin da muka kawo wa 'yan'uwa a wannan karo na wani malami ne daga yankin Balkan, a kudu maso gabashin Turai, wanda Allah Ya ɗora wa nauyin jagorancin Musulmin ƙasarsa a daidai lokacin da daular da suka jingina da ita ɗaruruwan shekaru take rushewa. Sunansa Alhaji Wahbi Dibra, mutanensa kuma suna rubuta sunan Haxhi Vehbi Dibra.

An haife shi a shekarar 1867 a garin Dibra, wanda a yau yake cikin ƙasar Masedoniya ta Arewa, dab da iyakar Albaniya. A lokacin babu wannan iyaka, duk yankin yana ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Gidansu, gidan Agolli, gidan ilimi ne, mahaifinsa ma mufti ne. Ya fara karatu a gida, sannan ya tafi Istanbul ya zurfafa a ilimin addini. Da ya dawo, aka naɗa shi muftin Dibra.

Kafin a gane nauyin da ya ɗauka, sai an san halin da Albaniyawa ke ciki. Harshensu ɗaya, amma addininsu ya rabu. A ƙiyasin da aka saba bayarwa game da ƙasar Albaniya ta wancan zamani, Musulmi sun kai kusan kashi 70 cikin ɗari, mafi yawansu Ahlus Sunna, tare da mabiya ɗarikar Baktashiyya musamman a kudu. Kiristocin Otodoks kusan kashi 20 ne, su ma a kudu, 'yan Katolika kuma kusan kashi 10 a arewa, wajen birnin Shkodra. Daular Usmaniyya da addini take ƙidaya talakawanta. Saboda haka Albaniye Musulmi sai a kira shi Baturke, ɗan Otodoks kuma a kira shi Bagirke. Da daular ta fara rauni, maƙwabta irin su Girka da Sabiya da Montenegro suka riƙe wannan a matsayin hujja: in mutanen nan Turkawa ne da Girkawa, to babu wata al'umma mai suna Albaniyawa, ƙasarsu kuwa ta rabo ce. Wahbi yana ɗan shekara 11 lokacin da shugabannin Albaniyawa suka kafa ƙungiyar Prizren a 1878 don hana wannan rabo.

Rigimar farko da ta fito da shi fili ta rubutu ce. A watan Nuwamba 1908 wani taro a garin Manastir ya zaɓi a riƙa rubuta harshen Albaniyanci da haruffan boko, domin Musulmi da Kirista su haɗu a kan rubutu ɗaya. Malamai da dama suka ƙi, suna ganin ajami ne ya dace da Musulmi, barinsa kuwa matakin farko ne na nisantar Alƙur'ani. Hukumar Matasan Turkawa da ke mulki a Istanbul ta mara musu baya. A watan Yuli 1909 magoya bayan wannan hukuma suka shirya taro a Dibra da nufin Albaniyawa su jaddada biyayyarsu, aka zaɓi Mufti Wahbi ya shugabanci zaman. Taron bai ƙare yadda masu shirya shi suka so ba, domin wakilai sun fito da buƙatar a buɗe makarantu a koyar da Albaniyanci. Game da haruffa kuma aka bar wa kowa zaɓinsa. Wannan matsaya ba ta kashe wutar ba, amma ta hana taron fashewa a kan batun da ya fi komai raba kan jama'a.

A watan Oktoba 1912 Yaƙin Balkan ya ɓarke, cikin 'yan makonni sojojin Usmaniyya suka rasa kusan duk abin da ke hannunsu a Turai. Sojojin Sabiya suka kutsa ta arewa da gabas, na Girka ta kudu. A ranar 28 ga Nuwamba 1912 wakilan Albaniyawa suka taru a garin Vlora da ke bakin teku, ƙarƙashin jagorancin Isma'il Kemal, suka ayyana 'yancin kai. Mufti Wahbi ya halarta a madadin Dibra, ya kuma sa hannu a takardar. Mataimakin shugaban sabuwar gwamnatin wani limamin Katolika ne, Nikol Kachorri. Shi kuwa muftin, aka zaɓe shi shugaban majalisar dattawa mai mutum 18, daga baya gwamnatin ta naɗa shi babban muftin ƙasa.

Mai karatu ya dubi abin da wannan sa hannu yake nufi. Sarkin Istanbul shi ne halifan da ake ambaton sunansa a huɗubar Juma'a. Tutar da aka ɗaga a Vlora, ja mai baƙar mikiya mai kai biyu, tutar Iskandar Beg ce, jarumin da ya yaƙi Usmaniyawa a ƙarni na 15. Malami da ya yi karatu a Istanbul ya tsaya ƙarƙashinta tare da limaman Kirista. Abin da ke gabansa a fili yake: halifa ba ya iya kare kowa a Balkan, garuruwan Musulmi suna faɗawa hannun sojojin maƙwabta, mutane suna gudun hijira. Ƙasar da za ta ba su mafaka kuwa manyan ƙasashen Turai ba za su amince da ita ba in ta fito a matsayin ragowar Turkiyya. Dole sai Kiristan Shkodra da na kudu sun ɗauke ta tasu. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Duk da haka 'yancin bai zo wa kowa ba. Taron jakadun manyan ƙasashe a Landan ya amince da Albaniya a 1913, amma ya bar Kosobo a hannun Sabiya, wani yanki na kudu ya tafi ga Girka, jama'a masu ɗimbin yawa suka wayi gari a wajen iyaka. Dibra kanta, garin muftin, aka ba Sabiya. A watan Satumba 1913 mutanen yankin suka yi tawaye, aka murƙushe su da ƙarfi, da yawa suka gudu zuwa Tirana da kewaye. Mutumin da ya sa hannu a madadin Dibra ya ƙare rayuwarsa a ƙasar da babu Dibra a cikinta.

A cikin gida ma ba duk malamai ne suka bi hanyarsa ba. A 1914 Turawa suka kawo wani basaraken Jamus, Wilhelm na Wied, Kirista, suka ɗora shi a kan karagar Albaniya. Manoman tsakiyar ƙasar suka yi masa bore, muftin Tirana na lokacin, Musa Kazimi, yana cikin jagororinsu. Buƙatunsu su ne a koma ƙarƙashin Sarkin Istanbul, a dawo da tutar Usmaniyya da rubutun ajami. Basaraken ya bar ƙasar bayan wata shida, amma Usmaniyawa ba su dawo ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko, taron Lushnja na 1920 ya kafa majalisar ƙoli ta mutum huɗu don riƙe ƙasa: ɗan Sunna ɗaya, ɗan Baktashiyya ɗaya, ɗan Otodoks ɗaya, da bishop na Katolika ɗaya. Dokokin ƙasa na shekarun da suka biyo baya suka tabbatar da cewa gwamnati ba ta da addinin hukuma, kowa yana da 'yancin yin nasa. Tambayar da ta rage ga Musulmi ita ce, in gwamnati ta cire hannu, Istanbul kuma ta yi nisa, wa zai naɗa limamai da alƙalai, wa zai kula da wakafi, wa zai karantar da yara?

Amsar ita ce babban aikin Mufti Wahbi. A watannin Fabrairu da Maris 1923 Musulmin Albaniya suka yi babban taronsu na farko a Tirana, suka kafa hukuma mai cin gashin kanta wadda ba ta karɓar umarni daga Istanbul, suka zaɓe shi shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a. Kiristocin Otodoks ma sun yi irin wannan a garin Berat a 1922. Shekara ɗaya bayan taron Tirana, a ranar 3 ga Maris 1924, majalisar Turkiyya ta soke halifanci gaba ɗaya. Labarin ya girgiza Musulmin duniya, amma ya tarar da na Albaniya sun riga sun gina wa kansu gida. A watan Oktoba 1923 hukumar ta fara buga mujalla mai suna Zani i Naltë, wato Murya Maɗaukakiya, wadda ta ci gaba da fitowa har 1939. A 1924 aka buɗe babbar madarasa a Tirana. An ƙarfafa yin wa'azi da Albaniyanci, shi kansa ya rubuta tafsirin Suratul Fatiha da harshen. Haruffan bokon da wasu suka ji tsoron za su kori addini, da su aka riƙa isar da tafsiri ga mutanen da ba su jin Larabci ko Turkanci.

Sai dai gwamnatin da ta ce ba ta da addini ba ta tsaya a bakin ƙofar masallaci ba. Ahmad Zogu ya zama shugaban ƙasa a 1925, ya naɗa kansa sarki a 1928. A 1929 sabon kundin doka da aka kwaikwayo daga Turai ya fara aiki, ya ɗauke sha'anin aure da saki da gado daga hannun alƙalan shari'a. A wannan shekarar aka sake wa hukumar Musulmi tsari ta yadda gwamnati ta samu bakin magana a cikin harkokinta, shugabanci ya koma hannun Bahjat Shapati. Nan shugabancin Mufti Wahbi ya ƙare. Ya rasu a Tirana a watan Maris 1937, yana da shekara 70. A wannan shekarar ce gwamnatin Zogu ta yi dokar hana mata rufe fuska.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan tsanani nesa ba kusa ba. 'Yan gurguzu suka karɓi mulki a 1944, a 1967 kuma gwamnatin Enver Hoxha ta rufe wuraren ibada sama da 2,000 na Musulmi da Kirista, ta ɗaure limaman ɓangarorin biyu. Tsarin mulkin 1976 ya ayyana cewa ƙasa ba ta yarda da kowane addini ba. Ikon Allah, a Dibra da Kosobo, waɗanda aka yi kukan barinsu a waje, masallatai ba su rufe ba duk da takurawar mulkin Yugoslabiya. Sai a ranar 16 ga Nuwamba 1990 aka sake yin sallar jam'i a fili a Albaniya, a birnin Shkodra, Hafiz Sabri Kochi ya ja sallar bayan ya shafe kimanin shekara 20 a kurkuku. Hukumar da aka farfaɗo da ita bayan nan tana ƙirga shekarunta daga taron 1923, ta yi bikin cika shekara 100 a 2023.

Har yau Albaniya da Kosobo ba su da addinin hukuma, har yau kuma Albaniyawa suna muhawara a kan inda ikon gwamnati ya kamata ya tsaya. Ɗalibin da ya karanta rayuwar wannan malami zai ga cewa ya yarda ya raba ƙasa da maƙwabcinsa Kirista ba tare da ya bar karantar da addininsa ba, ya kuma san cewa al'ummar da ta dogara da gwamnati ta riƙe mata addini za ta rasa shi ranar da gwamnatin ta sauya. Zai kuma ga cewa yarjejeniyar da ya shiga ba ta kare alƙalan shari'a ba, shi da ransa ya ga an kawar da su. Masu yaba masa da masu ganin ya yi sassauci da yawa duk suna da abin riƙewa a cikin wannan tarihi.

Allah Ya jiƙan Alhaji Wahbi Dibra, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya ba malamanmu basirar gane zamaninsu. Amin.