Tarihin Amir Khan Lepzerin, mai ganuwar Dimdim

Amir Khan Lepzerin shi ne shugaban ƙabilar Baradost ta Kurdawa a farkon ƙarni na 17, kuma sunansa ya shiga tarihi ne saboda ganuwar da ya sake ginawa a kan dutsen Dimdim, inda ya gamu da ajalinsa a shekarar 1610.

Dutsen na Dimdim yana arewa maso yammacin ƙasar Iran ta yau, kusa da gaɓar yamma ta tafkin Urmiya, kimanin kilomita 18 kudu da birnin Urmiya.

Tsakanin dauloli biyu

Amir Khan ya rayu ne a zamanin da ƙasar Kurdawa ta zama fagen daga tsakanin daular Usmaniyya ta Turkiyya da daular Safawiyya ta Farisa.

Tun bayan yaƙin Chaldiran na 1514, sarakunan Kurdawa da dama suka yi mubaya'a ga Usmaniyawa, waɗanda ahlus Sunna ne kamar akasarin Kurdawan, yayin da Safawiyawa ke bin tafarkin Shi'a.

Sai dai sarakunan da ke kan iyaka, irin na Baradost, sukan karkata ne ga ɓangaren da ya fi ƙarfi, domin su tsira da sarautarsu da ƙasarsu.

A 1603, lokacin da Shah Abbas na Ɗaya ya ƙwato birnin Tabriz daga hannun Usmaniyawa, Amir Khan na cikin waɗanda suka miƙa wuya gare shi. Shah Abbas ya tabbatar masa da yankunan Targawar da Margawar, sannan ya ƙara masa da mulkin Urmiya.

Kafin wannan lokaci Amir Khan ya rasa hannu ɗaya a fagen fama. Don haka sarkin na Farisa ya sa maƙera suka yi masa hannun zinariya da aka ƙawata da duwatsu masu daraja. Daga nan ne ya samu laƙabin Lepzerin, wato mai hannun zinariya a harshen Kurdanci.

Sake gina ganuwar

A wajajen 1609 Amir Khan ya tayar da tsohuwar ganuwar Dimdim, wadda ta daɗe da zama kango.

Iskandar Beg Munshi, marubucin tarihin fadar Shah Abbas, ya bayyana cewa ganuwar tana kan wani dogon dutse ne mai wuyar hawa, kuma ta ƙunshi sassa biyar, da wuraren tara ruwan sama da ramukan adana ƙanƙara.

Wannan aiki ya tayar da hankalin fadar Farisa, wadda ta ɗauke shi a matsayin shirin ɓallewa, musamman ganin yadda wasu Kurdawa, ciki har da manyan ƙabilar Mukri, suka fara taruwa a bayansa.

Dangantaka ta ƙara tsami yayin da Amir Khan ya ƙi amincewa a zaunar da 'yan tawayen Jalali a yankinsa. Waɗannan mayaƙa ne da suka tsere daga ƙasar Usmaniyawa suka nemi mafaka a wurin Shah Abbas.

Ƙawanya

A watan Nuwamban 1609 rundunar Safawiyya ta yi wa ganuwar ƙawanya, kuma babban waziri Hatim Beg ne da kansa ya jagoranci yaƙin.

An shafe lokacin hunturu da bazara ana gwabzawa. Dakarun Farisa sun yi amfani da igogi, sun kuma haƙa ramuka a ƙarƙashin ƙasa, amma abin da ya fi galabaitar da mutanen ciki shi ne datse musu hanyar ruwa.

Shi kansa waziri Hatim Beg bai ga ƙarshen yaƙin ba, domin ya rasu a 1610 ana tsakiyar ƙawanyar.

A lokacin zafi na wannan shekara ganuwar ta faɗi, aka kashe Amir Khan tare da mayaƙan da suka tsaya da shi.

Bayan haka Shah Abbas ya ba da umarnin kashe jama'a masu yawa a yankunan Baradost da Mukri. An kwashe wasu ƙabilun Kurdawa zuwa lardin Khurasan da ke can gabas, inda zuriyarsu ke zaune har yanzu, aka kuma zaunar da ƙabilar Afshar ta Turkawa a kewayen Urmiya.

Yadda ake tunawa da shi

Marubutan fadar Safawiyya sun ɗauki Amir Khan a matsayin ɗan tawaye wanda ya yi butulci ga sarkin da ya ɗaukaka shi.

Su kuwa Kurdawa suna kallonsa a matsayin gwarzon da ya ƙi yarda baƙi su mallake ƙasarsa, kuma a waƙoƙinsu na baka ana kiran waɗanda suka mutu a Dimdim shahidai.

Ana danganta rubutaccen labarin yaƙin na farko a Kurdanci ga sha'iri Faƙi Tayran, wanda ya rayu a wancan zamani. Masana adabin Kurdawa na sanya ƙissar Dimdim a matsayi na biyu bayan Mem u Zin na Ahmad Khani. A 1966 ma marubuci Arab Shamilov ya wallafa littafin ƙagaggen labari mai suna Dimdim.

Shekaru 29 bayan mutuwar Amir Khan, wato a 1639, daulolin biyu suka ƙulla yarjejeniyar Zuhab, wadda ta tabbatar da raba ƙasar Kurdawa a tsakaninsu.

Abin da ya rage na ganuwar a kan dutsen Dimdim shi ne ɓuraguzan katanga da tarin duwatsu da tubala.