Maurice Wilkes

Sir Maurice Vincent Wilkes (26 ga Yuni, 1913 – 29 ga Nuwamba, 2010) masanin kimiyyar kwamfuta ne ɗan ƙasar Ingila. An fi saninsa da ƙera kwamfutar EDSAC da kuma ƙirƙiro dabarar sarrafa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta hanyar ƙananan umarni.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Dudley. Ya karanci lissafi a Kwalejin St John's ta Jami'ar Cambridge, sannan ya yi digirin digirgir a kan tafiyar igiyoyin rediyo a sararin sama. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin na'urar rada. A 1945 ya koma Cambridge ya shugabanci ɗakin binciken lissafi, inda EDSAC ta fara aiki ranar 6 ga Mayu, 1949.

Ƙananan umarni

A wancan zamani, sashen da ke tafiyar da ƙwaƙwalwar kwamfuta tarin wayoyi ne masu sarƙaƙiya, kuma gyara kuskure ɗaya na iya buƙatar sake haɗa su. A 1951, a wani taro a Manchester, Wilkes ya ba da shawarar a karkasa kowane umarni zuwa ƙananan matakai, a adana su cikin wata ma'ajiya ta musamman. Idan aka sauya abin da ke cikin ma'ajiyar, na'urar za ta fahimci wasu umarnin daban. EDSAC 2 ta 1958 ta yi aiki da wannan tsari, haka ma yawancin kwamfutocin System/360 da IBM ya sanar a 1964.

Tasiri a kan harsunan kwamfuta

Dabarar ta ba injiniyoyi damar daidaita na'ura da harshen da ake rubuta manhaja da shi. Ana fara juya manhajar zuwa wani harshe na tsaka-tsaki, sai ƙananan umarni su riƙa fassara shi suna aiwatarwa kai tsaye. Burroughs B1700 ta 1972 tana da mafassari daban ga harsuna irin su COBOL da Fortran. Pascal MicroEngine ta kamfanin Western Digital kuwa an gina ta ne don aiwatar da harshen tsaka-tsaki na UCSD Pascal.

Karramawa da rasuwa

Wilkes ne shugaban farko na Ƙungiyar Kwamfuta ta Birtaniya a 1957. Ya karɓi lambar yabo ta Turing a 1967, aka ba shi muƙamin Sir a 2000. Ya rasu a Cambridge yana da shekara 97.