Alexander Graham Bell: Ɗan Kurma, Mijin Kurma, Wanda Ake Auna Ƙara Da Sunansa

Duk lokacin da maganar lasifikar masallaci ta taso a Akara ko Kumasi, sai ka ji jami'an muhalli suna ambatar desibel. Shi ya sa na ga ya dace in kawo muku tarihin mai sunan, mu kuma fahimci lissafin da ake yi mana hukunci da shi.

An haifi Alexander Graham Bell ranar 3 ga Maris, 1847 a birnin Edinburgh na Sikotilan. Mahaifinsa malamin koyar da furuci ne, mahaifiyarsa kuwa jinta ya yi ta raguwa har ta kurumce. Da tarin fuka ya kashe 'yan'uwansa maza biyu, sai iyalin suka ƙaura Kanada a 1870. Shekara guda bayan haka ya tafi Boston ta Amurka yana koyar da kurame. Cikin ɗalibansa akwai Mabel Hubbard, wadda ya aura a 1877.

Binciken sauti ne ya kai shi ga wayar tarho. Ya samu takardar mallakar fasahar ranar 7 ga Maris, 1876, kodayake wani mai suna Elisha Gray shi ma ya kai tasa takardar rana ɗaya da Bell, abin da ya jawo doguwar jayayya. Ya kuma ƙera na'urar gwada jin kunne. Sai dai har gobe kurame da yawa na zarginsa da yaƙar yaren hannu, don shi ya fi son a koya musu magana da baki. Ya rasu a Kanada ranar 2 ga Agusta, 1922, yana da shekara 75. Ranar da aka binne shi, an tsayar da wayoyin Amurka da Kanada na minti ɗaya.

A 1928 injiniyoyin kamfanin waya na Bell suka raɗa wa ma'aunin da suke auna raguwar sauti a cikin waya suna desibel, wato kashi ɗaya cikin goma na bel. To, nan ne wajen lura. Desibel ba kamar mudu ba ne da za ka tara ɗaya kan ɗaya, ninki yake ƙirgawa. In ƙarfin sauti ya ninka sau 10, an ƙara desibel 10. Sau 100, desibel 20. Sau 1,000, desibel 30. Ninki biyu kuwa kusan desibel 3 ne kacal. Ke nan lasifika biyu masu 80 kowacce, in aka haɗa su, 83 za su ba da, ba 160 ba. A fili kuma, in ka ninka nisanka da lasifika, ƙarar na sauka da kusan 6.

Hukumar muhalli ta Ghana ta sa iyakar 55 da rana, 48 da dare a unguwannin zama. Mai ba da 85 zai ce ai 30 kawai ya ɗara, alhali ƙarfin ya ninka sau 1,000, kuma jin irin wannan awa takwas kullum na lalata kunne.

Ni dai shawarata ga kwamitocin masallatanmu na zango, mu auna lasifikarmu da kanmu, ko da manhajar waya ce, tun kafin wani ya zo ya auna mana. Kiran salla ba zai ragu da komai ba, maƙwabci ya samu haƙƙinsa, kunnen ladan da na yaranmu su tsira.