17 Ga Ramadan: Ranar Badar, Daren Wafatin Uwar Muminai Nana A'isha

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Duk lokacin da aka ambaci 17 ga watan Ramadan, abin da ke fara zuwa zukatan Musulmi shi ne Yaƙin Badar na shekara ta 2 bayan Hijira, ranar da sahabbai ɗari uku da 'yan kai suka fuskanci rundunar Ƙuraishawa kusan 1,000, Allah Ya ba su nasara. Shekara 56 bayan haka, a daren 17 ga Ramadan na shekara ta 58, bisa ruwayar da ta fi shahara wurin malaman tarihi, Uwar Muminai A'isha 'yar Abubakar Siddiƙu (RA) ta koma ga Mahaliccinta a Madina. A Badar Allah Ya kare addini daga takobin maƙiya, ta hannun A'isha kuwa Ya kare kaso mai yawa na iliminsa daga salwanta.

An haife ta a Makka 'yan shekaru bayan aiko Manzon Allah (SAW), ta buɗe ido ta tarar da mahaifinta da mahaifiyarta Ummu Ruman suna kan Musulunci. A Makka aka ɗaura aurenta da Annabi (SAW), ta tare a Madina bayan Hijira. Ranar Badar mahaifinta na tare da Annabi a rumfar da aka kafa masa, yayanta Abdurrahman kuwa yana cikin sahun Ƙuraishawa, domin a lokacin bai musulunta ba. A Uhudu, ita da Ummu Sulaim sun yi ta ɗaukar salkunan ruwa suna shayar da mayaƙa.

Jarrabawa mafi tsanani ta same ta ne a hanyar dawowa daga yaƙin Banu Musɗaliƙ. Ta tsaya neman sarƙarta, ayari ya tashi ba a lura ba, sahabi Safwan ɗan Mu'aɗɗal ya tarar da ita ya kawo ta. Munafukai, ƙarƙashin jagorancin Abdullahi ɗan Ubayyu, suka ƙulla mata ƙazafi, wasu Musulmi kuma suka yaɗa ba tare da bincike ba. Wata guda gidan Annabta yana cikin ƙunci, har Allah Ya saukar da ayoyi goma a Suratun Nur Yana wanke ta. A wannan surar al'umma ta samu hukuncin bulala 80 ga mai ƙazafi, da wajabcin kyautata zato ga mumini, da gargaɗi ga masu jin daɗin yaɗa alfasha.

A ɗakinta Manzon Allah (SAW) ya yi jinyarsa ta ƙarshe, a nan ya yi wafati a Rabi'ul Awwal na shekara ta 11, a nan kuma aka binne shi. Daga baya aka sa Abubakar kusa da shi. Da aka soki Umar ɗan Khaɗɗabi a shekara ta 23, ya aika yana neman izininta a binne shi tare da su, ta bar masa wurin da ta tanada wa kanta.

Ta rayu kimanin shekara 47 bayan Annabi (SAW), ta ƙarar da su wajen karantarwa. An ruwaito hadisi 2,210 daga gare ta, Bukhari da Muslim sun haɗu a kan 174 daga ciki. Yadda Annabi yake sallar dare, da wankansa, da azuminsa, da zamansa da iyali, abubuwa ne da aka san da yawa daga cikinsu ta bakinta. Manyan sahabbai sukan koma mata idan mas'ala ta shige musu duhu, har da ta rabon gado. Tana kuma yin gyara da hujja, kamar yadda ta yi wa Abdullahi ɗan Umar kan ruwayar azabtar da mamaci saboda kukan danginsa, inda ta kafa hujja da cewa Alƙur'ani bai ɗora wa wani rai laifin wani ba. Imam Zarkashi ya tattara irin waɗannan gyare-gyare a littafinsa Al'ijaba.

Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta yaye malamai: Urwatu ɗan Zubairu, ɗan yayarta Asma'u, Alƙasim ɗan Muhammadu, ɗan ƙaninta, da Amratu 'yar Abdurrahman, wadda Halifa Umar ɗan Abdul'aziz ya yi umarnin a rubuta hadisanta. Ɗalibin da ke karanta Muwaɗɗa ta Imam Malik a zaurukanmu zai riƙa cin karo da waɗannan sunaye babi bayan babi.

A shekara ta 36, bayan kisan Halifa Usman, ta fita zuwa Basra da nufin gyara tsakanin Musulmi, al'amari ya rikiɗe ya zama Yaƙin Raƙumi. Sayyidina Aliyu ya mayar da ita gida cikin girmamawa tare da ƙaninta Muhammadu. Ta yi nadamar wannan fita, ta koma ga karantarwa da ibada da kyauta, har takan rabar da dukiya mai yawa a yini guda tana azumi, ba ta rage abin buɗe baki ba.

Da ajali ya matso, ta yi wasiyya a binne ta a Baƙi'a tare da sauran matan Annabi (SAW). Abu Huraira ya sallace ta, aka binne ta a daren, a zamanin halifancin Mu'awiya.

Ya ku iyaye, gidaje nawa ne a cikinmu babu mai suna A'isha? Haƙƙin wannan suna shi ne a ba mai shi ilimi, kada a yanke mata karatu da hujjar cewa mace ce. Masu tura duk labarin da ya shigo wayarsu game da mutuncin 'yar wani kuwa, su koma su karanta Suratun Nur da tafsirinta.

Allah Ya ƙara mata yarda, Ya amfane mu da iliminta. Amin.