Martin Luther King, Faston Da Ya Hana Ramuwa

An haifi Martin Luther King a Atlanta, Amurka, a 1929. Ɗan fasto ne, shi ma ya zama faston Baptis a Montgomery.

A Disamba 1955 aka kama Rosa Parks a garin, domin ta ƙi bar wa Bature kujerarta a bas. Baƙar fata suka ƙaurace wa bas har kwana 381, King ne jagoransu. Da yawa sukan tafi aiki a ƙasa, da dare kuma su taru a majami'u suna addu'a da waƙa, begensu yana ƙaruwa. Aka jefa bam gidansa, matarsa da jaririyarsu suna ciki, amma ya hana jama'a ramuwa. A 1956 Kotun Ƙoli ta haramta wariya a bas.

An harbe shi a Memphis a 1968, yana da shekara 39.